Akuyar maƙwabciya ta cinye min lambu, mai gidan haya kuma ya ba ni wa'adi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Muna zaune a gidan haya a Kano, mu huɗu ne 'yan haya, tsakar gidanmu ɗaya. Tun tsadar tumatir ta 2024 nake da burin shuka kayan miyata da kaina. Bana na tara buhunan shinkafa da bokitan fenti guda 18, na jera su a jikin katanga kusa da ƙofar ɗakina, a watan Maris na shuka tumatir da attarugu da kuɓewa da alayyahu. Alayyahun da kuɓewar sun yi kyau, tumatirin kuwa sai ya yi fure ya zubar.

Maƙwabciyata tana kiwon akuya. Wata rana na tafi suna da hantsi, kafin in dawo akuyar ta kwance ta cinye alayyahun kakaf, ta kakkarya kuɓewar. Na yi mata magana cikin fushi, ta ce tsakar gida ba gona ba ce, kuma wai shukokina ne ke tara sauro, har zazzaɓin ɗanta ma daga nan ne. Tun ranar ba ma ga-maciji. Ta kai ƙarata wajen mai gidan, ya zo ya duba ya ce laima na cin katangarsa, ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe. Maigidana kuma ya ce kuɗin ruwan da nake saya wajen 'yan garuwa ya fi kayan miyar da nake samu, in daina wahalar da kaina, shi ba ya son rigima da mutane. Anti, ba don kuɗin kawai nake yi ba. A gona na tashi, in na fito da asuba na ga korensu sai in ji sanyi a raina. In haƙura in kwashe ne, ko in tsaya a kan hakkina tunda ni ma haya nake biya? Kuma bai kamata ta biya ni ɓarnar akuyarta ba?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu, Allah ya mayar miki da alheri. Duk wadda ta taɓa zuba iri ta yi ta leƙensa safe da yamma har ya tsiro, ta san irin abin da kika ji da kika dawo kika tarar da karare tsaye babu ganye. Na kuma ji daɗi da kika fito fili kika ce ba lissafin kuɗi kaɗai ba ne. Macen da ta tashi a gona, aure ya kawo ta ciki da falo a tsakiyar birni, tana bukatar abin da zai riƙa sanyaya mata rai, kuma wannan ba abin jin kunyar faɗa wa miji ba ne. Saboda haka ba zan ce ki kwashe duka ba. Amma maganar tsayawa a kan hakki ita ma ki ajiye ta tukuna, domin da na auna maganganun mutanen nan uku, kowannensu yana da gaskiya a wani ɓangare, sai dai ba dukansu suka iya faɗarta da daɗi ba.

Mu fara da akuya, tunda ita ta fi tsaya miki a rai. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga lambun wani mutum ta yi ɓarna. Hukuncin da aka yanke, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shi ne masu lambu su ke da alhakin tsare lambunsu da rana, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa yana wuyan mai ita. Taki ɓarnar da rana aka yi ta, shukar kuma babu shinge. Gaskiya ne tsakar gidan haya ba makiyaya ba ce, dabba a irin wannan gida ɗaurewa ake yi, kuma malamin da kika kai wa maganar yana iya ganin sakacin mai akuya. Amma ko an ce ta biya, nawa ne kuɗin alayyahun 'yan buhuna? Za ki karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, ki sayi gaba da matar da kullum da safe sai kun haɗu a bakin makewayi. Ni dai ban ga riba a wannan ciniki ba. Ki yafe, kuma ki tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, to ya zama sadaka a gare shi.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar: kafin ki ajiye buhun farko, kin shaida wa matan gidan? Wasiƙarki ba ta nuna haka ba. Buhu 18 wuri suke ci, kuma wurin nan shi ne inda wata ke shanya, inda yara ke guje-guje, inda ake jawo turmi in za a yi daka. Hayar da kike biya ta ba ki ɗakinki, tsakar gida kuwa ta ku duka ce. Maƙwabciyarki kuma akuyar nan ita ce asusunta, ita take kallo in sallah ta matso ko rashin lafiya ta faɗo. Da ta ga kore ya cika jikin katanga, ta san ran da igiya ta kwance za a yi rigima, wataƙila ma har a ce ta fitar da dabbarta daga gidan. Shi ya sa ta riga ki zuwa wajen mai gida. Ban ce ta kyauta ba, da ta ba ki haƙuri a ranar da maganar ta mutu a nan. Sai dai ke ma kin ce cikin fushi kika tare ta.

Zancen sauro kuwa akwai gyara a cikinsa. Sauro ba ya haihuwa a jikin ganye ko a cikin ƙasa mai danshi. A ruwan da ya kwanta yake zuba ƙwai, kuma a yanayi irin namu cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan ya zama sauro mai tashi. Abin dubawa shi ne ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin bokitai, da bahon da kike ajiye ruwan ban-ruwa a buɗe, da kwatar gidan kanta. In ganye ya yi duhu sosai sauro kan fake a cikinsa da rana, wannan kam gaskiya ne, maganinsa shi ne a riƙa yanka ana rage cunkoso. Amma kada ki je mata da wannan bayani kamar mai kare kai a gaban alƙali. Uwar da ɗanta ya kwanta zazzaɓi ba darasi take nema ba. Ki tambayi jikin yaron, ki rufe bahonki, ki hana ruwa kwanciya, idonta zai gane mata sauran.

Mai gidan shi ne ya fi kowa gaskiya. Buhun da ke jingine da katanga ana zuba masa ruwa kullum, bulo shan ruwan yake yi, filasta ta kumbura ta fara zubowa, fenti ya ɓanɓare, kuma shi zai biya magini. Gyaran ba wuya. Ki janye komai daga jikin bango kamar taku biyu, ki ɗora su a kan bulo ko tsohon benci yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ki sa tsohon faranti ya tari abin da ya ɗigo, ki mayar da shi cikin shukar a ranar. Kada ki jira ƙarshen wata, ki yi wannan a makon nan. Sannan ba ke za ki je wajensa ba, maigidanki ne zai je, don shi ya karɓi hayar kuma maganarsu ta maza ta fi saurin daidaita. Ya gaishe shi, ya ce Alhaji mun ji maganarka, mun janye daga bango, mun rage yawansu, in filastar ta taɓu za mu gyara, muna roƙon a bar mana 'yan kaɗan. Mutumin da ya zo ya ga an riga an bi umarninsa ya fi sauƙin sassauci a kan wanda aka tara da musu.

To amma kafin maigidanki ya yarda ya je, sai kin gamsar da shi, kuma lissafinsa ba ƙarya ba ne. A zafin bazara buhu ɗaya yana iya shan lita 3 a yini. Buhu 18 ke nan lita 54, fiye da jarka biyu ta 'yan garuwa mai lita 25, kullum ta Allah, kuma wani kaso na ruwan a kan tumatirin da bai ba ki ko ɗaya ba ya tafi. Tumatirin nan ba hannunki ne ba shi da albarka ba, lokacin ne bai dace ba. In zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ya bushe ya faɗo, Kano kuwa a Afrilu har 40 takan wuce. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam suke renon irinsu a ƙarshen damina, su dasa da shigowar sanyi, su yi ta ɗiba daga Janairu zuwa Maris. Kin ga ke nan lokacin da tumatir zai yi miki kyau a gida shi ne lokacin da kwanduna ke jibge a 'Yankaba ana neman mai saye, lokacin da yake tsada kuma naki ma ba zai yi ba. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016, ita ma ba ta raina bokiti ɗaya. In kina sha'awarsa, ki dasa gindi biyu a Nuwamba don marmari. Na tsada kuwa dabararsa ta iyayenmu ce: a saya da yawa lokacin araha, a yanka a shanya kauɗa.

Abin da ke biyan mai ƙaramin wuri shi ne ganye. Alayyahu cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma in kika yanke saman kika bar masa gindi kamar tsawon yatsa da 'yan ganye, zai sake tofowa sau da yawa kafin ya yi kai. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki cuɗa shi da yashi kafin ki watsa don kada ya fito a cunkushe. Yakuwa da rama da lalo duk ba sa tsoron zafi. Kuɓewa ma zafin take so, wajen wata biyu ta fara bayarwa, gindi ɗaya ko biyu a bokiti, kuma a riƙa tsinka tun tana ɗanya, in aka bar ta ta ƙosa sai uwar ta rage haihuwa. Na'ana'a reshe ake dasawa, ki ba ta robarta ita kaɗai a inda rana ba ta dukanta duk yini, don in ta samu wuri mamaye shi take yi. Ɗoɗɗoya da shuwaka su ma daga reshe suke kamawa. Gindin albasar da kike yankewa ki zubar, ki tura shi a ƙasa, zai ba ki lawashi. Attarugu gindi biyu ya isa, yana iya wuce shekara yana bayarwa in an kula da shi, sai dai shi ma yakan zubar da fure in zafi ya tsananta. Latas da karas ki bari sai hunturu. Zogale in za ki sa, a babban bokiti, ki riƙa sare kansa daidai ƙugu don ya yi rassa, kada ki dasa shi a ƙasa kusa da bango ko ramin shadda.

Shawarata ki dawo buhu shida. Kada ki ga sun yi kaɗan, don buhu ba samansa kaɗai ake shukawa ba. Ki samu gwangwanin da aka cire wa gindi, ki tsayar da shi a tsakiyar buhun ki cika shi da tsakuwa, ki zuba ƙasa a kewayensa, ki ja shi sama ki sake cikawa, haka har bakin buhun. Za ki samu layin tsakuwa a tsakiya wanda ke kai ruwa har ƙasa. Sai ki tsattsaga ƙananan ƙofofi a jikin buhun, tazarar tafin hannu tsakaninsu, ki dasa alayyahu ko yakuwa a ciki. Ƙasar kuma ki haɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa, don kada ta daskare. Kashin kaji ɗanye ƙona shuka yake yi, sai ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ƙasar bola ki yi hattara da ita, ta cikin gari cike take da fasassun batura da leda da kwalba. Buhu kuma rana na cinye shi cikin 'yan watanni ya fara ruɓewa, don haka abin da zai daɗe kamar attarugu a bokiti za ki sa, ki huhhuda gindinsa da ƙusa mai zafi.

Ruwan buhu shida ba sai kin saya ba. Ki ajiye baho a inda kuke alwala, ke da shi da yara, ki haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Banda ruwan omo da na bilic da mai gishiri ko maiƙo. Ki yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don rana kada ta shanye. Kafin ki ƙara, ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari. In ƙwari suka taso, ki daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi ɗaya, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace ki ɗan goga sabulu a ciki, ki yayyafa da yamma har bayan ganyen. Ganyen da tsutsa ta shiga ki tsinke ki ƙona. Don Allah kada piya-piya ko wani maganin sauro ya kusanci abin da za ki zuba wa yara a miya. Da wannan lissafin za ki zauna da maigidanki, bayan ya ci abinci ya huta: buhu shida, babu ƙarin jarka, ga miyar ganye kusan kullum. Ki kuma faɗa masa abin da kika faɗa mini, na sanyin da kike ji in kin gan su. Ina jin bai san da wannan ba, shi ruwa da rigima kawai yake gani.

Shinge dole ne, ko an shirya ko ba a shirya ba. Akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya, don haka abin da bai kai ƙirjinki ba bai tsare komai ba. Ragar kaji a jikin sanduna huɗu ta fi, zana ma tana yi in an ɗaure ta da kyau. Tsohon gidan sauro akuya yaga shi za ta yi, amma in kika lulluɓa shi ta sama yana hana ƙadangaru da tsuntsaye cinye tsiro.

Saura zuwa wajen maƙwabciya, kuma ke za ki fara, ko da kina ganin ke aka ɓata wa. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, gaba kuwa addini bai yarda ta wuce kwana uku ba. Ki zaɓi lokacin da babu idon sauran matan gida, ki yi sallama ki shiga, ki tambayi mai jiki, ki ce Maman wane, ranar nan raina ne ya ɓaci, ki yi haƙuri, zan rage shukar in kewaye ta, ke ma don Allah a riƙa duba igiyar. Kada ki tayar da zancen ƙarar da ta kai. Sannan ki roƙe ta wani abu: ta riƙa tara miki kashin akuyar in ta yi shara. Da wuya ki samu takin da ya fi shi dacewa da buhu, ba ya wari sosai, ba ya da zafin na kaji, ita kuma zubarwa take yi. Ke kuma kararen alayyahu da ganyen da kika rage, ki riƙa miƙa mata ta ba dabbar. Yankan farko ki ɗaura ɗauri uku ki aika ɗakunan nan uku. Matar da ta yi miya da alayyahunki ba za ta so mai gida ya ce a kwashe ba. In ta karɓe ki da sanyi-sanyi kada ki damu, ki ci gaba da gaisuwa, wasu zukatan ba sa saukowa a rana ɗaya.

Yana yiwuwa duk da haka Alhaji ya ce a'a. In ya ce, gidansa ne, kada ku ja da shi har ya kai ga takardar tashi, neman wani gidan haya a Kano yanzu ya fi ƙarfin alayyahu. Ki riƙe robobi uku ko huɗu a barandarki ko bakin taga, na'ana'a da ɗoɗɗoya da lawashi, waɗannan ko rana ta awa huɗu ta ishe su. Sauran ki nema musu wani wuri. Unguwanni da yawa akwai kangon da aka kewaye ba a gina ba, masu shi kuma sau da yawa sun fi son a shuka wani abu a kan ya zama juji. Maigidanki ya nemi izini a gaban mai unguwa ko wani dattijo, a yi magana a fili cewa aro ne, ran da mai wuri ya tashi gini za a ba ku lokaci ku cire amfaninku. A irin wannan wuri damina ta fi, ruwan sama ya ɗauke miki ban-ruwa, ki sa kuɓewa da yakuwa da rama har da kabewa, amma kada ki yarda ki yi ban-ruwa da ruwan kwata ko da yana wucewa ta ƙofar. Ko kuma gidan wata 'yar'uwa mai fili da rijiya, ke da iri da aiki, ita da wuri da ruwa, ku raba.

Kuɓewar da akuya ta karya kada ki tumɓuke ta tukuna. In gindin yana nan da rai, ki yanke daidai ƙasan inda ya karye da wuƙa mai kaifi, ki ƙara mata taki, takan fito da sababbin rassa. Alayyahun ma ki duba gindinsa kafin ki zubar da ƙasar. Ki rubuto min bayan maigidanki ya gana da Alhaji, in ji yadda suka kwashe. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba yaron lafiya.